Karatun Ruwa: Tarihin Su a Gulbin Sakkwato daga Zamanin Sarkawa zuwa Na'urar Gano Kifi

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa wurin masu sayar da kifi a Sabon Garin Gusau zai tarar da kifi iri uku jere a gabansa. Akwai banda, watau kifin da aka ƙyafe, wanda aka daɗe ana kawowa daga Tafkin Cadi da Yawuri. Akwai kifin ƙanƙara na teku, wanda ake shigowa da shi daga ƙasashen waje. Akwai kuma tarwaɗar kiwo, wadda ta girma a cikin tanki ko kududdufin da aka haƙa mata. Kifin gulbin da ya bi ta gefen garin kuwa sai a lokacinsa ake ganinsa, kuma bai kai sauran yawa ba. Ita wannan unguwa ta Sabon Gari ta bunƙasa ne da zuwan jirgin ƙasa a ƙarshen shekarun 1920, a kan layin da ya taso daga Zariya ya kai Ƙauran Namoda a 1929, kuma tun daga lokacin cimar garin ta fara dogara da abin da ake kawowa daga nesa.

Manufar wannan maƙala ita ce bin tarihin wata tambaya guda wadda ke gaban kowane masunci: yaya za a san abin da ruwa ya ɓoye? Za a duba amsar da Sarkawa suka bayar, da yadda madatsun ruwa suka sauya gulbin da suka sani, sa'an nan a duba amsar da na'urar gano kifi ta zo da ita. Abin da ake son nunawa shi ne, ilmin gano kifi na gargajiya ya taho ne ɗaure da dokar da ke kare kifin, alhali kuwa na'ura ta taho da ganowa kaɗai.

Gulbi da Lokutansa

Gulbin Sakkwato ya faro ne daga kusa da Funtuwa, ya nufi arewa maso yamma, ya bi ta Gusau da Bunguɗu da Talatar Mafara, har ya sadu da Gulbin Rima a kusa da birnin Sakkwato. Daga nan ruwan ya juya kudu ta Argungu da Birnin Kabi, ya faɗa Kogin Kwara. A sashensa na sama, inda ƙoramun duwatsun Tsafe da Kwatarkwashi suke, ƙasa ce ta fā da tsakuwa wadda ba ta riƙe ruwa. Saboda haka gulbi yakan cika ya tumbatsa da damina, ya ja baya da kaka, in rani ya yi nisa kuma ya tsinke, ya bar rairayi da guraben ruwa nan da can.

A kan wannan juyi ne rayuwar kifi ta ginu. Da ruwan farko kifi yakan hau gulbi, ya bazu cikin fadamu da ciyayin da ambaliya ta rufe, ya yi ƙwai, 'ya'yansa su samu abinci da maɓoya. Idan ruwa ya fara janyewa sai wani ya koma gulbi, wani kuma ya maƙale a tafkuna. Daga nan har faɗuwar ruwa, wurin zaman kifi ƙara matsewa yake yi kowane wata. Wannan ne ya sa babban lokacin su a ƙasar Hausa ya zama rani da bazara. Lokacin zafin Turawa, wanda masuntan tafkunansu suke ɗoki, ya yi daidai da damina a lissafin watanni, amma ta fuskar zafi da halin da kifi ke shiga, bazara ce takwararsa, watau daga Maris zuwa Mayu.

Sarkawa da Sarkanci

Hausa ta bambanta masunci da Basarke. Masunci shi ne duk mai kamun kifi, ko da kuwa manomi ne da ya ɗauki koma bayan ya killace amfanin gonarsa. Basarke kuwa shi ne wanda ya gaji ruwa, ya san dabbobinsa da magungunansa da haramce-haramcensa. Masana tarihi suna danganta wannan suna da Sorko, watau masunta da matuƙan jiragen daular Songhai a Kogin Kwara, waɗanda wasunsu suka gangaro ƙasar Kabi da Yawuri, suka cakuɗa da mutanen wurin, har Hausa ta zame musu harshe. P. G. Harris ya yi rubutu a kan masuntan Kabi a 1942, Jean Rouch kuma ya yi a kan Sarkawan Kwara masu yawon su a 1950. Daular Kabi da Kanta ya kafa a ƙarni na 16 daula ce ta fadama da gulbi, saboda haka ba abin mamaki ba ne da sarautun ruwa suka fi ƙarfi a can, suka kuma zama abin koyi ga garuruwan da ke saman gulbi.

Jigon wannan tsari shi ne Sarkin Ruwa. A bisa al'ada ba a shiga babban gurbi ko tafkin gari da kayan su sai da izninsa. Shi ke rufe ruwa, shi ke sa ranar buɗewa. A Kabi akwai bukukuwa biyu da suka shafi wannan: gyaran ruwa, wanda ake yi domin neman tsari daga abin da ke cikin ruwa, da fashin ruwa, wanda ke nuna an buɗe su na shekara. Jama'a sun yi imani cewa guraben ruwa masu zurfi mazaunin iskoki ne, kuma Basarke ne kaɗai ya san yadda ake zama lafiya da su, da kada, da dorina. Shi ake nema idan ƙayar kifi ta laƙe a wuyan mutum, ko wani ya nutse ana neman gawarsa.

Ko ma yaya mutum ya ɗauki wannan imani, amfaninsa ga kifi a fili yake. Gurbin da aka hana taɓawa tsawon watanni, ko wanda ake tsoron shiga ƙuryarsa, shi ne mafakar manyan kifayen da za su hayayyafa idan damina ta dawo. Ranar da aka buɗe ruwa kuma gari ne gaba ɗaya ke shiga, kowa da komarsa da gorarsa, a yi su na yini ɗaya ko biyu a tashi. Bikin Argungu, wanda ya samu siffarsa ta yanzu a 1934 sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, wanda kuma hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016, irin wannan su ne na gari da aka ɗaukaka. Ruwan Matan Fada yakan zauna a rufe har ranar biki, shi ya sa ake samun giwan ruwa mai girman da sai an taru a ɗauke shi.

Alamomin da Basarke ke Karantawa

Ruwan gulbin ƙasar Hausa gurɓatacce ne, ido ba ya ratsa shi. Bahaushe ya san da haka, shi ya sa ya ce, kifi na ganinka mai jar koma. Tun da ido bai isa ba, sai masunci ya koyi karanta alamu, kuma mafi yawan waɗannan alamu binciken kimiyya ya zo ya gaskata su.

Alama ta farko ita ce motsin saman ruwa. Da bazara ruwan tafki yakan yi ɗumi, iskar shaƙa da ke narke a cikinsa ta ragu, musamman da asuba. Tarwaɗa da ramboshi suna da wata gaɓa a bayan kai wadda ke ba su damar shaƙar iskar sarari, don haka sukan taso su kurɓi iska su nutse. Bargi ma yana yin haka, gwando da tufi ma haka. Gwanin masunci yakan bambanta su daga yadda ruwa ya buɗe da irin kumfar da ta biyo baya. Alama ta biyu ita ce sheƙa. Karfasa takan share rami mai kama da akushi a rairayin da ba shi da zurfi, bargi yakan gina sheƙa zagayayya a cikin ciyawa, yauni kuma yakan yi tasa a kan ciyayi masu yawo a saman ruwa. Ta uku ita ce sauti, domin ƙurungu yakan yi gurnani idan ya motsa ƙayar gefensa. Ta huɗu ita ce tsuntsaye, irin su zalɓe, waɗanda ba sa tsayuwa inda babu ƙananan kifi. Bayan waɗannan akwai sandar tuƙi da tafin ƙafa, waɗanda da su ake sanin zurfi, a kuma san ko ƙasan wurin laka ce ko rairayi ko dutse. Ita gaiwa ma, ba a cikin ruwa ake nemanta da rani ba. Takan shige laka ta naɗe kanta cikin majina, ta kwanta har damina, masunci kuwa ya san ɗan ramin da take numfashi ta ciki, ya haƙo ta daga busasshiyar ƙasa.

Yawan sunayen da harshe ya ba kifi shaida ne na zurfin wannan lura. Ƙamusun Bargery na 1934 ya tattara da dama daga cikinsu, haka kuma littafin kifayen Arewacin Nijeriya da Ma'aikatar Gona ta Jihar Arewa ta buga a 1967, wanda William Reed da Ibrahim Yaro suna cikin marubutansa, ya jera sunayen Hausa kusa da na kimiyya: tsage, faliya, kawara, miligi, minjirya, ragon ruwa, talibamban. Kayan aiki ma kowanne da halin kifin da aka yi shi dominsa. Koma ta ruwan da mutum zai iya ratsawa ce, birgi na jefawa ne a kan garken da aka hango, mamari igiya ce mai ƙugiyoyi barkatai da ake shimfiɗa wa kifin ƙasa marar ɓawo, gura da undurutu kuwa tarko ne da ake ɗana wa kifi a kan hanyarsa.

Wani abin sha'awa shi ne, kifin da kansa ya riga ɗan Adam warware matsalar gani cikin gurɓataccen ruwa. A 1951 Hans Lissmann na Jami'ar Kambirij ya gano cewa yauni yana fitar da wutar lantarki marar ƙarfi daga wutsiyarsa, daga baya kuma ya nuna cewa da ita yake gane abin da ke kewaye da shi. Miligi da danginsa ma haka suke yi.

Zamanin Madatsun Ruwa

Abubuwa biyu ne suka girgiza wannan tsari a ƙarni na 20. Na farko shi ne zaren nailan, wanda ya yaɗu a shekarun 1950 da 1960. Ragar nailan ba ta ruɓewa da wuri, kifi ba ya saurin ganinta, kuma a kasuwa ake sayenta. Da ita kalli ya zama kayan kowa, mutum ɗaya ya iya shimfiɗa raga da dare ya kwashe da safe ba tare da jiran ranar gari ba. A daidai wannan zamani masu saka wa ruwa magimfa suka koma ga maganin ƙwari irin su Gammalin 20, wanda ke kashe babba da yaro. Dokar Kamun Kifin Cikin Ƙasa mai lamba 108 ta 1992 ta haramta dafi da nakiya, amma doka a takarda ba ta da idon da Sarkin Ruwa yake da shi a bakin gulbi.

Na biyu shi ne datse gulabe. An kammala madatsar Kainji a 1968. Bayan farin farkon shekarun 1970 gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima a 1973, aka ba kamfanin Impresit na Italiya aikin madatsar Bakolori a kusa da Talatar Mafara, wadda aka gama a 1978. Tafkin da ta haifar ya rufe kimanin hekta 8,000, yana ɗaukar ruwa cubic mita miliyan 450. Ya cinye gonakin fadama na mutanen Maradun da ƙauyukanta, rikicin diyya kuma ya kai ga 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta a watan Afrilu na 1980, aka rasa rayuka da dama. A ƙasa da madatsar kuwa, binciken William Adams da aka buga a 1985 ya nuna cewa raguwar ambaliya ta rage noman shinkafa da kamun kifi a ƙauyukan fadama. Dalilin a bayyane yake: kifin da bai samu fadama ya yi ƙwai ba, ba zai cika gurbi da rani ba. Madatsar Goronyo ta biyo baya a kan Rima a shekarun 1980. Gusau ma tana da tata madatsar ta ruwan sha, wadda ta ɓalle a ƙarshen Satumba na 2006 ta rushe ɗaruruwan gidaje.

Ta fuskar ilmin masunci, madatsa ta kawo ruwan da kakanninsa ba su taɓa sani ba: ruwa mai faɗi, wanda ba ya tsinkewa da rani, wanda sanda ba ta taɓa ƙasansa a tsakiya, wanda kuma ya binne itatuwa da kufai masu yaga raga. Har wa yau irin wannan tafki na hukuma ne. Masunta daga garuruwa da ƙasashe dabam-dabam sukan sauka a bakinsa, ikon Sarkin Ruwa na rufewa da buɗewa kuma ya raunana.

Na'urar Gano Kifi

Irin wannan ruwa mai zurfi shi ne aka ƙera na'urar gano kifi dominsa. Asalinta amsa-kuwa ce. Bayan jirgin Titanic ya nutse a 1912, Alexander Behm na Jamus ya yi rajistar dabarar auna zurfi da sauti a 1913, Reginald Fessenden kuma ya gano dutsen ƙanƙara daga nesa da amsa-kuwa a 1914. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko Paul Langevin ya kyautata dabarar a Faransa domin farautar jiragen ƙarƙashin ruwa. A 1935 Oscar Sund na Norwe ya buga hoton garken kifi da irin wannan na'ura ta zana a tekun Lofoten. 'Yan'uwa biyu na gidan Furuno suka fara sayar wa masuntan Nagasaki ita a 1948, kamfanin Lowrance na Amurka kuma ya fito da ƙarama ta masu fatsa a tafki a 1959.

Yadda take aiki ba shi da wuyar fahimta. Wani ɗan faifai da aka maƙala a ƙasan jirgi yana aika sautin da kunnen mutum ba ya ji, mai kaɗawa sau 50,000 ko sau 200,000 a daƙiƙa. Sauti yana gudun kimanin mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa. Idan ya tafi ya dawo cikin kashi ɗaya bisa 50 na daƙiƙa, to ya yi tafiyar mita 30 ke nan, watau zurfin wurin mita 15 ne. Na'urar tana jera waɗannan amsoshi a kan allo, sabo a dama, tsoho yana gangarawa hagu. Saboda haka abin da ake gani a allo labari ne na inda jirgi ya wuce, ba hoton abin da ke ƙarƙashinsa gaba ɗaya ba.

Shi ma wannan allo sai an koyi karatunsa. Ƙasa mai dutse ko tsakuwa takan fito da layi mai kauri da ƙarfin launi, wani lokaci har da layi na biyu a ninkin zurfin, laka kuwa takan shanye sauti ta fito dishi-dishi. Kifi ɗaya yakan fito kamar baka, domin yana da nisa sa'ad da ya shigo gefen sautin, ya matso a tsakiya, ya sake nisa wajen fita. Tsawon bakan yana nuna daɗewar kifin a cikin sautin, kaurinsa ne ya fi nuna girma. Garken ƙananan kifi yakan yi kama da gajimare. Abin da ya fi mayar da sauti a jikin kifi shi ne jakar iskar da ke cikinsa. Da bazara kuma, a tafki mai zurfi, ruwan sama mai ɗumi yakan kwanta a kan ruwan ƙasa mai sanyi ba tare da sun gauraya ba, iskar shaƙa ta ƙare a na ƙasan, sai kifi ya taru a saman iyakar da ke tsakaninsu. Wannan iyaka takan fito a allo kamar siririn hazo a kwance. Wanda ya gan ta ya san cewa duk ragar da ta wuce nan ƙasa aikin banza ce. Sanyin hunturu da iskarsa ne ke sake gauraya ruwan.

Sai dai na'urar tana da iyaka a ruwan ƙasar Zamfara. Sautin yana bazuwa ne kamar malfa, ƙarami a sama, mai faɗi a ƙasa, kuma a irin na'urar da aka fi sayarwa faɗin abin da take gani kimanin sulusin zurfin ruwa ne. A zurfin mita 30 tana ganin faɗin mita 10, a gurbin mita 3 kuwa mita 1 kacal. Idan aka raba ruwan Bakolori da faɗinsa, matsakaicin zurfinsa bai kai mita 6 ba ko da a cike yake. Bugu da ƙari, tarwaɗa tana da ƙaramar jakar iska, tana kuma kwanciya a kan laka, don haka amsarta takan ɓace cikin amsar ƙasa. Ciyawa da kumfar da ruɓaɓɓen ganye ke fitarwa sukan yi kama da kifi. Na'ura ba ta faɗin sunan abin da ta gani, kuma ba za ta taɓa gano gaiwa a busasshiyar fadama ba. A irin waɗannan wurare idon Basarke da tafin ƙafarsa sun fi ta. Kayan aikin masuncin Gulbin Sakkwato har yanzu su ne kwalekwale da kalli da birgi da ƙugiya.

Inda amfaninta ya fi fitowa a Afirka shi ne ƙidaya. Tun daga 1999 ƙasashen da ke kewaye da Tafkin Biktoriya suke amfani da amsa-kuwa wajen kimanta yawan giwan ruwa da ƙananan kifin tafkin, domin a san abin da za a iya kwasa ba tare da an ƙarar da iri ba. Da ita kuma injiniyoyi suke auna yawan lakar da ta cike madatsa. A Nijeriya irin wannan bincike yana wuyan cibiyar nazarin kifin ruwan daɗi da ke Sabuwar Busa, wadda ta tsiro daga aikin binciken Tafkin Kainji na 1968.

Kammalawa

An ga cewa Basarke da mai na'ura tambaya ɗaya suke amsawa, kuma dukansu alamu suke fassarawa, ɗaya a fuskar ruwa, ɗaya a fuskar allo. Bambancinsu yana ga abin da ke biyo bayan sani. Wanda ya san gurbin da manyan kifi suke kwana, a tsarin gargajiya, shi ne kuma wanda aka ɗora wa hana shigarsa sai ranar da aka sa. Na'ura kuwa duk mai kuɗi yana iya sayenta, kuma a tekunan duniya ta taimaka wajen kwashe garken kifin da a dā zurfi ke karewa. Idan ta yaɗu a tafkunan Arewa ba tare da lokacin rufe ruwa da ƙayyade idon raga ba, za ta gaggauta abin da nailan da dafi suka fara. Idan kuwa ta shiga hannun masu ƙidaya, aka haɗa sakamakonta da ikon sarakunan ruwa, tana iya mayar wa tsohuwar doka ƙarfin da ta rasa.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan masu nazarin harshe. Rashin tsaron da ya addabi karkarar Zamfara tun daga wajen 2011 ya raba mutane da yawa da ƙauyukansu na bakin gulbi, yaron da ya tashi a Sabon Gari kuwa yana iya girma bai san kifin da ya wuce tarwaɗa da na ƙanƙara ba. Sunayen kifi, da na sassan jikinsa, da na guraben ruwa tsakanin Tsafe da Bunguɗu, da kalmomin da ake siffanta motsin ruwa da su, suna bakin dattawan da suka yi su kafin 1978. Ya kamata ɗaliban manyan digiri su tattara su gari-gari, a haɗa kowane suna da kifinsa da sunansa na kimiyya, tun masu su suna da rai.